Darasin Juma'a: Kyauta Ce Ko Toshiyar Baki?

Darasinmu na wannan mako a kan "na goro" ne, wato ɗan abin da ake miƙa wa mai muƙami don aiki ya tafi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya raba dukiyar biyu, ya ce kashi ɗaya na zakka ne, ɗayan kuma kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi gargaɗi mai tsanani, ya nuna cewa da mutum zai zauna a gidan iyayensa, ai da ya gani ko za a kawo masa wani abu. To ma'aunin ke nan: abin da kujera ta jawo maka, ba kyauta ba ce.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar wani abu saboda aikin ofishinsa, ya kuma wajabta masa bayyana kadarorinsa. Dokar da ta kafa ICPC a 2000 ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga mai karɓar cin hanci, haka ma mai bayarwa.

Sai dai hukuncin manya yana da nawa. Sashe na 308 ya hana a gurfanar da gwamna yana kan mulki. Tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame, EFCC ta kai su kotu a 2007, amma sai a 2018 aka yanke wa kowannensu shekara 14 kan kuɗin jama'a. A 2022 kuma aka yi musu afuwa.

Muna jin wannan mu yi tsaki, amma mu ma mu duba kanmu. Wanda ya ba jami'i kuɗi don a ƙwace rumfar wani a ba shi, ko don a sako yaronsa alhali ya san ya yi laifi, me sunan wannan? Wanda kuma ya karɓi shinkafa da atamfa ranar zaɓe, da wane baki zai tambayi ina kuɗin asibiti?

Malamai sun bambance: wanda aka tsare masa mota da tumatir a hanya bisa zalunci, babu mafita sai ya biya, da yawansu sun ce laifin na mai karɓa ne. Amma biya don cin haƙƙin wani haramun ne, ko an kira shi goro.

Don haka mu cika takardunmu, mu riƙa neman rasit a kan duk harajin kasuwa. In an matsa mana, mu kai kuka ta hannun Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiya, kada kowa ya je ya sasanta shi kaɗai a ɓoye.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu daga haram, Ya ba mu shugabanni masu amana. Amin.