Amfilifayar Mota Na Zafi Tana Yankewa: Kada Ka Fara da Fanka

Tambayar wannan makon daga wani matashi ce mazaunin Gyadi-Gyadi. Ya ce yana da Golf 3, ya sa mata amfilifaya mai layi biyu da wufa biyu a but. Da safe kiɗa lafiya lau. Amma da rana, kafin ya baro Court Road ya zaga ta shataletalen Dangi ya isa Farm Centre, sai jar fitila ta kama, bes ya ɗauke ɗif, jikin amfilifayar kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Mai wayarin ya ce a sa fanka, an sa, ba ta canza zane ba. Yana so ya ji ko ya sayi babba.

Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Idan ka sayi babba ka ɗora ta a kan wannan haɗin, ita ma za ta iya yankewa, sai dai ta fi jimawa kafin ta yi. Jar fitilar da aka rubuta PROTECT a gefenta ba koyaushe take nufin lalacewa ba. Akwai ma'aunin zafi a cikin amfilifayar, da zarar ƙarfen jikinta ya kai wajen digiri 80 ko sama da haka sai ta kashe kanta don kada transistocinta su ƙone. Gata ta yi maka. Abin nema shi ne me ke kai ta wannan matsayin.

Ɗumi dai dole ne. Galibin masu layi biyu da huɗu da ake sayarwa a Sabon Gari rukunin da ake kira AB ne, kuma kusan rabin wutar da suke ja daga batir zafi take komawa. Rukunin D, wanda aka fi yi wa wufa mai layi ɗaya, yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 zuwa sauti, shi ya sa ya fi sanyi. To idan ka ɗora tafin hannu ka ji ɗumi ka iya barinsa, babu komai. Idan ka fizge hannu ba shiri, akwai magana.

Inda na fi zargi a motarka shi ne yadda aka haɗa wufofin. Mu ɗauka kowacce om 4 ce, kamar yawancin na kasuwa. Idan aka haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa, aka kai wa amfilifaya, om 2 take gani. Duk lokacin da om ya ragu, wutar da za ta tura ƙaruwa take yi. Sannan kusan na tabbata mai wayarin ya yi maka abin da suke kira birij, wato ya haɗe layi biyun suka zama ɗaya don bes ya ƙara nauyi. A birij kowane layi rabin om ɗin yake gani, ka ga an koma om 1 ke nan. Ɗauko kwalinta ko takardarta ka duba: yawancin masu layi biyu om 4 ne ƙarshen abin da suka yarda da shi a birij. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, sannan ana yi masa fifita ana mamakin me ya sa yake durƙushewa.

Ba sai ka yarda da ni ba, ka auna. Sayi mita irin ta masu gyaran rediyo, kuɗinta bai kai na sabuwar amfilifaya ba. Kashe mota, kwance wayoyin wufa daga jikin amfilifayar, juya mitar zuwa om mafi ƙanƙanta, ka ɗora bakinta biyu a kan wayoyin. Mita kan nuna ƙasa da abin da aka rubuta kaɗan, haɗin om 4 zai nuna uku da ɗoriya, na om 2 ya nuna ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ka ga lambar ta kusa sifiri, to ko dai naɗin wayar cikin wufar ya fara ƙonewa, ko kuma silin waya ɗaya ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa. Ka kuma leƙa bayan wufar. Wasu suna da bakin haɗi huɗu maimakon biyu, naɗi biyu ke nan a ciki. Irin waɗannan idan aka haɗa guda biyu ja da ja duka, om 1 suke komawa tun kafin a zo maganar birij.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A warware birij ɗin, a ba kowace wufa layinta. Bes zai ɗan ragu, amma zai kai ka Tarauni ya dawo da kai bai yanke ba. Ko kuma ka bar birij ka cire wufa ɗaya. Wufa ɗaya da ke samun wuta tsaftatacciya ta fi biyu masu kukan wahala daɗin ji, wannan ra'ayina ne kuma ban taɓa canza shi ba.

Na biyu shi ne ɗan maɓallin da aka rubuta wa GAIN ko LEVEL. Samari sun ɗauke shi abin ƙara murya, suna murɗa shi har ƙarshe. Aikinsa daidaita ƙarfin sautin da ke fitowa daga rediyon mota da abin da amfilifaya za ta iya karɓa. Idan ya wuce kima, amfilifayar takan kai iyakarta ta fara yanke kan sautin, bes ya koma gwaf-gwaf mai kaushi, ita tana zafi, naɗin wufa yana dahuwa. Wani lokaci har za ka ji ƙaurinsa a but. Maƙwabcinsa BASS BOOST ya fi shi ɓarna: ƙarin 3 dB ninki biyu na ƙarfi yake nema, 6 dB ninki huɗu, 12 dB ninki goma sha shida. Babu amfilifayar da ke da wannan rarar. Mayar da shi sifiri ka manta da shi.

Ga yadda za ka saita. Mayar da GAIN ƙasa gaba ɗaya, kashe duk wani ƙarin bes na rediyo, ka kai muryar rediyon kashi uku cikin huɗu. Sa kiɗan da ka sani sosai, ka riƙa ɗaga GAIN sannu a hankali har ka ji bes ya fara kaushi, sai ka dawo da shi baya kaɗan ka bar shi nan. Maɓallin LPF kuma ka ajiye shi wajen 80 Hz, don wufa ta tsaya a kan bes, ta bar muryar mawaƙi ga sifikun ƙofa. Wannan saitin a fili ake yinsa, ba a ƙofar gidan mutane da azahar ba. Kuma tunda Titin Zariya hanyarka ce, idan ka zo gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ka rage gaba ɗaya, akwai marasa lafiya a kwance.

Sai wuta. Tada inji, juya mita zuwa bolt, ka auna a bakin amfilifayar kanta, ba a kan batir ba. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Saki kiɗa ka sa ido. Idan duk bugun bes lambar tana faɗowa ƙasa da 12, ko fitilun mota suna lumshewa da daddare, amfilifayar tana cikin yunwar wuta. A wannan hali takan fara yanke sauti da wuri, wata kuma ta ƙara jan wuta don cike giɓi, duka biyun zafi suke haifarwa. Wannan ya fi tsanani a cunkoso, lokacin da inji ke silo, AC na kunne, altaneta ba ta bayar da cikakken ƙarfinta. Ƙananan motoci irin taka altanetarsu ba ta cika wuce amfiya 70 zuwa 90 ba, kuma motar ma tana da nata buƙatun. Masu adaidaita sahu da ke cusa wufa a bayan kujera sun fi kowa shan wannan, don cajin nasu ya fi rauni.

Idan batir na nuna 14 amma a but 12 kake gani, waya ce ke cin wutar. Kasuwa ta cika da waya mai kaurin roba, siraran sili, kuma da yawa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa, idan fari ya fito, shi ne. Irin wannan kusan kashi 60 cikin 100 kawai na abin da jan ƙarfe zalla ke ɗauka yake iya ɗauka. Amfilifayar da ba ta wuce wat 500 na gaskiya ba, waya mai lamba 8 ta jan ƙarfe ta ishe ta, sama da haka a nemi lamba 4. Baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin mota kuwa ita aka fi wulaƙantawa. Za ka tarar an maƙala ta a ƙusar fitilar baya, a kan fenti, ta yi tsatsa. Kaurinta ya zama daidai da na jar wayar, tsawonta kada ya wuce rabin mita, a goge fenti har farin ƙarfe ya bayyana, a ɗaure tam. Bayan ka yi kiɗa na ɗan lokaci taɓa wurin, idan da zafi haɗin bai yi ba. Fis kuma ya kasance kusa da batir. Wanda duk ya maye maka fis da silin waya ko takardar sigari, gobara ya haɗa maka.

Sai yanzu muka zo kan iska. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, but ɗin motar da ta wuni a rana kuwa ya fi haka nesa. Amfilifaya tana fitar da zafinta ne ta haƙarƙarin ƙarfen bayanta, don haka kada a kife ta, kada a tura ta ƙarƙashin kafet, kada a jibga mata buhu ko dadduma. Ka bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. Kada a ɗaure ta a jikin akwatin wufa, girgiza na kwance dalmar cikinta. Ƙurar hunturu kan toshe haƙarƙarin, ka sa a hure ta da iskar mai faci daga ɗan nesa. Jiƙaƙƙen tsumma ko ledar fiya wata a kanta, a'a. Fankar taka za ta yi amfani bayan an gyara sauran, muddin tana hura iska a kan haƙarƙarin kuma zafin na da hanyar fita, misali ka kwantar da kujerar baya ɗaya don sanyin AC ya shiga.

Idan ka cire wayoyin wufa gaba ɗaya, ka kunna, amma ta yi zafi ko jar fitila ta kama ba tare da kiɗa ba, ciwon na ciki ne. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne, ya duba transistoci ya sabunta farin man da ke tsakaninsu da ƙarfen.

In kuma ta kama sai ka saya, kada rubutun "3000W" na jikin kwali ya ruɗe ka. Duba fis ɗin jikinta. Biyu masu amfiya 20 sun zama 40, ka ninka da bolt 14, wat 560 ke nan take iya ja gaba ɗaya, wanda a rukunin AB abin da zai isa wufa bai fi 300 da 'yan kai ba. Nemi adadin da aka rubuta RMS a gefensa. Ga wufofinka biyu masu om 4, abin da ya dace shi ne mai layi ɗaya, rukunin D, wadda aka rubuta ta yarda da om 2, kuma RMS ɗinta a om 2 ya yi kusa da jimlar na wufofin biyu. Ka tafi da mitarka, a gwada a gabanka kafin ka biya.