Darasin Kiwon Lafiya: Saifar Da Ta Ƙi Saɓewa

Saifa tana cikin ciki, ta ɓangaren hagu, a ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinta tace jini da yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan mutum yana da lafiya, ba a jin ta da hannu.

A Kamarawa da sauran garuruwan ƙasar Isa da Sabon Birni, kumburin saifa ba baƙon abu ba ne. Inda akwai fadama akwai sauro. Zazzaɓin cizon sauro idan ya yawaita yana kumbura saifa, musamman ta yara. Wani nau'in tsargiya mai zama a hanji shi ma yana kumbura ta. Saboda haka jama'a suka saba, har ba a ɗaukar abin da nauyi.

Amma akwai wata saifar da ba sauro kaɗai ya kumbura ta ba. Wani irin ciwon daji ne na fararen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira limfoma. Limfoma iri-iri ce. Wata tana gaggawa, wata tana tafiyar hawainiya. Ta saifa tana cikin masu tafiyar hawainiya, kuma ba ta da yawa. A cikin masu limfoma 100, ba a cika samun 2 masu irin wannan ba. A Turai ta fi kama tsofaffi da suka haura shekara 60. A shekarun 1990 likitoci a Kumasi ta ƙasar Gana suka gano ta a jikin mutanen da aka daɗe ana zaton zazzaɓi ne ya kumbura musu saifa.

Yadda take bayyana

Da farko babu ciwo. Mutum yana noma, yana cin kasuwa. Sannu a hankali sai ya ji nauyi a gefen hagu na ciki. Yana cin loma uku ta tuwo sai ya ƙoshi, domin saifar ta danne tumbi. Daga nan sai rama. Jini yana raguwa, tafin hannu da cikin ido su yi fari, ga haki idan an ɗan yi tafiya. Wani dasashinsa kan yi jini. Wani kuma gumi ne da dare har ya jiƙe shimfiɗa. Abin lura shi ne ba ta cika fitar da kaluluwa a wuya ko hammata ba, kamar yadda sauran limfoma ke yi.

Ga hanyar da ake rarrabewa. Saifar da zazzaɓi ya kumbura tana saɓewa idan aka jure shan maganin da likita ya rubuta na tsawon watanni. Idan an yi wata 6 ana sha ba fashi, saifa tana nan yadda take ko ta ƙaru, to lallai a bincika. A fara da babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. Daga can za a ba da takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake duba jini da ɓargo. Tafiyar akwai wahala da kashe kuɗi, amma babu mai gane wannan cuta da ido.

Tsaga a gefen ciki ba ta saɓar da ita. Jinin da bai ishi mai shi ba ne ake ƙara zubarwa. Kuma a kiyaye: saifar da ta kumbura tana iya fashewa da duka ɗaya. Mai ita ya bar kokawa da dambe, ya yi hattara da faɗuwa daga kan babur ko amalanke. Idan ya bugu a ciki, sai ciwo mai tsanani da jiri suka biyo baya, a kai shi asibiti nan take.

Me zai biyo baya?

Jin sunan daji yana karya zuciya. To, wannan dajin ba kamar sauran ba ne. A inda ake samun kulawa, kusan rabin masu shi suna kai shekara 10 ko fiye bayan an gano shi. Magani bai cika kawar da shi gaba ɗaya ba, amma yana kwantar da shi shekaru masu yawa. Wani majinyacin ma ba a ba shi komai da farko. Likita zai ce ya riƙa zuwa ana auna jininsa. Wannan ba sakaci ba ne, haka ƙa'idar take.

Idan jini ya ragu ƙwarai, akwai maganin da ake sawa ta jijiya mai suna rituximab, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1997. Yana aiki sosai, sai dai tsada. Akwai kuma tiyatar cire saifa. Wanda aka cire wa saifa dole ya yi allurar rigakafi, ya riƙa kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓi ya fi yi masa illa. Wasu masu cutar ana samun ciwon hanta nau'in C a jininsu, kuma maganin hantar yakan lafar da ita.

A jikin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 cutar kan rikiɗe ta koma mai gaggawa. Alamarta zazzaɓi mara yankewa, rama farat ɗaya, ko ƙullutun da ke girma cikin 'yan makonni. Wanda ya ga haka kada ya jira ranar da aka rubuta masa.

Cutar ba ta yaɗuwa. A ci kwano ɗaya da majinyaci, a yi sahu ɗaya da shi a masallaci.