Daga Kabo Zuwa Bakin Teku: Zafi, Danshi da Ruwan Sama

Matafiyin da ya tashi daga Kabo ko Gwarzo ya nufi Legas, ko fatauci ya kai shi ko ci-rani, yakan yi tanadin kuɗin mota da masauki, amma ba kasafai yake yi wa yanayi tanadi ba, alhali shi ne zai fara tarbarsa tun kafin ya sauka a Agege ko kasuwar Mile 12. Zafin Legas bai cika wuce digiri 33 ba, na yammacin Kano kuwa yakan kai 40 a watan Afrilu, amma duk da haka baƙo daga arewa ya fi jigata a Legas. Dalili shi ne danshi, wato tururin ruwan da iska ke ɗauke da shi wanda ido ba ya gani. Jiki yana hucewa ne idan gumi ya bushe, kamar yadda ruwan randa ke yin sanyi saboda nason da iska ke busarwa. To iskar bakin teku ta riga ta ƙoshi da ruwa, don haka sai gumi ya kwanta a fata, riga ta manne, ƙurajen zafi su feso. Maganin wannan shi ne tufafin auduga marasa nauyi, da yawan wanka da shan ruwa. Shadda mai sitaci da yadin roba gara a bar su a jaka.

Wannan danshi shi ne asalin girgije. Rana tana ɗumama Tekun Atlantika, tururi ya tashi ya shiga iska, kuma da yake tudu ya fi ruwa saurin ɗaukar zafi, da rana iskar teku takan kwararo zuwa gari. Idan ta ɗumama sai ta yi sama, tana hawa tana yin sanyi, har ta kai inda ba za ta iya riƙe tururin ba, sai ya koma ƙananan ɗigo a jikin ƙwayoyin ƙura da gishirin teku. Tarin waɗannan ɗigo shi ne girgije, kuma idan suka haɗu da juna suka yi nauyin da iska ba za ta tallafe su ba, sai su zubo. Ruwan da ke cika madatsar Guzuguzu ta Kabo ma daga tekun yake, domin iskar da ke busowa daga kudu maso yamma ita ce ke tura iskar hunturu baya sannu a hankali, har ta iso ƙasar Kano a wajen watan Mayu.

A nan ne lissafin ɗan Kabo yake rikicewa, domin ya saba da damina guda, daga Yuni zuwa Satumba, mai marka a Agusta. A Legas ruwa yana farawa tun Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, sannan ya sassauta a Agusta, daidai lokacin da gonakin gida ke shan marka, saboda tsakiyar damina ta matsa arewa kuma ruwan tekun ya yi sanyi. Sai ya dawo a Satumba da Oktoba. Haka kuma mutumin arewa ya saba ganin hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, ya samu damar kwashe shanya. Ruwan Yuni a bakin teku sau da yawa ba ya yin wannan sallama: gari ya waye a lumshe, a yi ta tsugawa sa'o'i da dama, kwatoci su cika, tituna su koma rafi, tunda yawancin birnin fadama ce da ba ta ɗara teku tudu sosai ba. Wanda zai kama ɗaki ya dubi gindin bango, inda tsohuwar ambaliya ke barin zane, kafin ya biya.

Hanya ma abin lura ce. Daminar jihohin Neja da Kwara tana riga ta Kano sauka, kuma ambaliyar da ta auka wa Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, wadda ta hallaka mutane fiye da 150, ta faru ne a kan babbar hanyar da tireloli ke bi zuwa gadar Jebba. Ya kamata a saurari hasashen yanayi na hukumar NiMet kafin a tashi, kuma kada fasinjoji su matsa wa direba ya kutsa ruwan da ke gudu a kan kwalta.

Mai kaya shi ya fi kowa asara idan ya yi sakaci. Masara ko wake da bai bushe ƙayau ba yakan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, albasa ta tsiro, ƙarfe ya yi tsatsa, saboda haka a lulluɓe lodi da tamfol mai kyau, a ɗora buhuna a kan katako, takardu da waya kuma a ƙulle su a leda. Gidan sauro ya zama dole ko da rani ne, domin ruwan kwance ba ya yankewa a Legas, sauro kuma ba ya yin hutun da ya saba yi a Kabo lokacin hunturu.