Matatun Ruwan Ƙazanta na Jidda da Sha'anin Raɗa wa Kayan Jama'a Suna

Matatar ruwan ƙazanta ma'aikata ce da ake kai wa ruwan da ya fito daga masai da makewayi da madafai da masana'antun gari, ta raba shi da dauɗa da ƙwayoyin cuta kafin a sake shi cikin teku ko a kai shi gona. Birnin Jidda, da ke bakin Bahar Maliya a ƙasar Saudiyya, yana da irin waɗannan matatu manya-manya a yau, amma ya daɗe yana bunƙasa ba tare da isassu ba, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. Tarihinsu yana haɗe da wani sha'ani da ba a cika kula da shi ba, wato wane ne ke raɗa wa kayan jama'a suna, kuma wane irin aiki ne manya ke yarda a liƙa wa sunansu.

Garin da ruwansa

Tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan Jidda take mashigar Makka ta teku. Alhazan ƙasar Hausa na da, waɗanda suka ratsa Sudan da ƙafa suka hau jirgin ruwa a Sawakin, a nan suke sauka, na yanzu ma da yawa a filin jirgin samanta suke sauka. Garin ba shi da kogi, ruwan sama kuma ba ya zuwa sai jefi-jefi. A 1907, lokacin mulkin Turkawa, aka kafa injin da ke dafa ruwan teku ya fid da gishirinsa, mutanen gari suka kira shi Kindasa. A 1947 aka jawo ruwa da bututu daga Wadi Fatima, aka sa wa aikin suna Ainul Aziziyya don girmama Sarki Abdul'aziz. A shekarar ce kuma aka rushe ganuwar garin.

Da ganuwa ta faɗi, arzikin man fetur kuma ya shigo, sai gari ya miƙe kudu da arewa a bakin teku, har mazaunansa suka haura miliyan 3. Yawancin ruwan da suke sha daga teku ake tace shi. To, duk ruwan da ya shiga gida sai ya fita, kuma da dauɗa yake fita. Hukuma ta yi saurin shimfiɗa bututun kawo ruwa, na kwashewa kuwa aka bar shi a baya. Har wajen 2009 mafi yawan gidajen Jidda ba su haɗe da babbar magudanar ƙazanta ba. Kowane gida da raminsa, irin wanda ake kira sokawe a Kano, su kuma suna ce masa bayyara. Idan ya cika sai mai gida ya kira tankar kwasa, wadda suke kira wayit, direba ya zura ƙaton tiyo cikin ramin, inji ya zuƙe, a biya shi ya tafi. Gidan da ya yi jinkirin kira, sai a ga baƙin ruwa ya malalo kan kwalta. Ruwan da ya tsiyaye ta ƙarƙashin ramukan kuma ya riƙa ɗaga ruwan cikin ƙasa, yana cin harsashin gine-gine.

Tafkin Almiski

Tankokin nan dole su sami wurin juyewa. Aka ba su wani kwari tsakanin duwatsu a gabashin birnin, wajen Buraiman, aka tare bakinsa da madatsar ƙasa. Shekara da shekaru ɗaruruwan tankoki suna jerin gwano kullum suna juyewa, har wurin ya zama tafki mai zurfi. Ba a yi bikin buɗe shi ba, ba a kafa allo da sunan wani basarake ba. Mutanen Jidda ne suka raɗa masa suna Buhairatul Misk, wato Tafkin Almiski. Gatse ne tsantsa, gama warinsa yakan tari mutum tun daga nesa. Sunan ya bi baki har jaridu suka ɗauka, ma'aikatan hukuma ma ba su da wani abin da za su kira shi da shi wanda jama'a za su gane.

Abin tsoro game da tafkin shi ne mazauninsa. Yana kan tudu, birnin yana gangare, kwaruruka kuma daga duwatsun gabas suke gangarowa su nufi teku ta cikin unguwanni. Ran Laraba 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta yi daidai da 8 ga Zulhajji 1430, ranar da alhazai ke fita Mina, aka yi ruwan sama na 'yan awoyi wanda ya fi abin da garin ke samu a shekara guda. Ambaliya ta auka wa unguwanni irin su Kuwaiza, ta tattara motoci ta jibge su kan juna, mutum fiye da 120 suka rasu. Madatsar Tafkin Almiski ba ta fashe ba, amma ruwansa ya ƙaru, kuma mazauna unguwannin da ke ƙasa da shi sun yi kwanaki cikin zullumi, wasu har suka bar gidajensu.

Sarki Abdullahi ya sa aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Gwamnan Makka, Yarima Khalid al-Faisal, daga baya kotu ta ɗaure wasu ma'aikata da 'yan kwangila. A 2010 Sarkin ya ba da umarni a ƙafar da tafkin cikin shekara guda, aka ɗora wa Kamfanin Ruwa na Ƙasa aikin, wanda aka kafa a 2008. Kafin shekarar ta ƙare tafkin ya bushe. Yankin yanzu an fi kiran sa da sunan kwarin, Wadi al-Asla, kuma akwai dajin itatuwa da aka dasa a wajen ana shayar da shi da tataccen ruwa.

Yadda matata ke aiki

Matatun da suka fi girma a Jidda suna wurare biyu: Al-Khumra a kudu, da kuma kusa da filin jirgin sama a arewa. A 2019 hukuma ta ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanoni, cikinsu har da Marafiq na Saudiyya da Veolia na Faransa, su gina matata ta biyu a wajen filin jirgin, su gudanar da ita shekara 25. An tsara ta fara da tace lita miliyan 300 a rana, ta iya kaiwa miliyan 500.

Aikin kansa mataki-mataki ne. Ruwan yana fara ratsa rariyar ƙarfe mai tare tsumma da leda da robobi. Daga nan a rage masa gudu don yashi da tsakuwa su kwanta, in ba haka ba za su cinye injinan turawa. Sai ya shiga faffaɗan tanki inda laka ke nutsewa, maiƙo ya taso sama a yaɗe shi. Mataki na gaba shi ne zuciyar aikin, kuma ba inji ke yin sa ba. Ana hura iska cikin ruwan dare da rana domin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su rayu su hayayyafa, su ne ke cinye ƙazantar da ta narke. Wanda ya tsaya a bakin wannan tanki zai ga ruwa ruwan ƙasa-ƙasa yana ɓulɓula kamar tukunyar dambu, warinsa kuma ya koma na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan wutar lantarki ta ɗauke na dogon lokaci, ko wata masana'anta ta sako guba, halittun sai su mutu, kuma a kan ɗauki makonni kafin su farfaɗo. Shi ya sa matata ba a gina ta a juya baya; tana bukatar ma'aikata masu gwada ruwa kullum. Bayan haka a bar halittun su kwanta, a tace ruwan da yashi, a kashe sauran ƙwayoyin cuta da sinadarin kulorin ko da wani haske na musamman. Lakar da ta rage a matse ta a busar.

Tambayar da Musulmi zai yi ita ce ko irin wannan ruwa yana da tsarki. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta amsa a 1978, ta ce idan an tace shi har launi da ɗanɗano da warin najasa suka gushe, ya koma asalinsa, to ya tsarkaka, sai dai a kiyaye abin da zai cuci lafiya. Duk wanda ya karanta babin tsarki a zaure ya san waɗannan siffofi uku. A Jidda ana amfani da tataccen ruwan wajen shayar da itatuwa da aikin masana'antu, sauran kuma a sake shi cikin teku.

Wa ke da suna, wa ba shi da shi

Hausawa na cewa suna linzami ne. Wanda ya zaga Jidda zai ga inda aka ɗaura linzaman. Filin jirgin sama da aka buɗe a 1981 na Sarki Abdul'aziz ne, haka ma jami'ar garin. Maɓuɓɓugar da ke cilla ruwan teku sama a bakin gaɓa ta Sarki Fahad ce. Babban filin wasa da aka buɗe a 2014 na Sarki Abdullahi ne. Ruwan sha ma yana samun suna tun da daɗewa: a Makka har yau ana ambaton Ainu Zubaida, da sunan matar Haruna Rashid wadda ta biya kuɗin jawo wa alhazai ruwa. Matatun ƙazanta kuwa sunan unguwa da lamba kawai suke ɗauke da shi: Khumra, Filin Jirgi ta Ɗaya, Filin Jirgi ta Biyu. Alhali idan maɓuɓɓuga ta tsaya wata guda babu wanda zai kwanta asibiti, matata kuwa ba ta iya tsayawa mako guda gari bai ji a jikinsa ba.

Wannan bambanci ba na ado ba ne kawai. Aikin da ke ɗauke da sunan babba yana da mai jin kunya idan ya lalace, don haka kuɗin gyaransa ba ya wuyar fita. Aikin da babu mai son a danganta shi da shi, shi ne na ƙarshe a kasafin kuɗi, kuma da yake yawancinsa a binne yake cikin ƙasa, ba a ganin rashinsa sai ranar da ya fito fili.

Jama'a kuma suna da nasu ikon raɗin, wanda hukuma ba ta iya ƙwacewa. Titin da aka rubuta wa sunan Yarima Muhammad bin Abdul'aziz a Jidda kowa Tahliya yake ce masa, saboda yana nufar wajen matatar ruwan teku. Titin Sarki Fahad kuma Sittin ne a bakin direbobi. Inda babu majalisar da talaka zai tashi ya yi ƙorafi, laƙabi irin na Tafkin Almiski shi ne takardar koke: duk wanda ya furta shi ya tuna wa mahukunta abin da suka bari.

Yadda wasu garuruwa suka yi

A Amurka an taɓa neman a mai da sunan matata makamin zambo. A Nuwamba 2008 mutanen San Francisco suka kaɗa ƙuri'a kan shawarar a sa wa matatarsu ta Oceanside sunan Shugaba George W. Bush, don a wulakanta shi. Kusan kashi 70 cikin 100 suka ƙi. Wasu sun ƙi don mutuncin kujerar shugaba, wasu kuwa cewa suka yi matatar tana aikinta da kyau, bai kamata a mai da ita da ma'aikatanta abin zagi ba. Hujja ta biyu ta fi nauyi, gama zambon ba ya ci sai an fara yarda cewa aikin tsabtace gari abin ƙyama ne. A 2020 garin Danbury ya sa wa tasa matatar sunan ɗan wasan barkwanci John Oliver bayan sun yi ba'a da juna, shi kuma ya ba da dala 55,000 ga ƙungiyoyin agaji na garin.

Ingila ta taɓa yin akasin haka. A bazarar 1858 warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a Landan har suka amince da kuɗin gina magudanai a ƙarƙashin injiniya Joseph Bazalgette. Da aka gama tashar tura ƙazanta ta Crossness a 1865, Yarima mai jiran gado ne ya buɗe ta, manyan injinanta huɗu kuma aka raɗa musu sunayen gidan sarauta: Victoria, Prince Consort, Albert Edward da Alexandra. A Faransa kuwa, Eugène Poubelle, mai mulkin yankin Paris da ya tilasta wa masu gidaje ajiye kwandon shara a wajen 1884, jama'a ne suka liƙa wa kwandon sunansa don jin haushi, sunan da mutanen Maraɗi da Damagaram ke ji har yau a bakin masu Faransanci.

A ƙasar Hausa

Nijeriya ta san rigimar suna sarai. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola, ɗalibai suka fito zanga-zanga, sauyin bai tabbata ba. A Kano, Jami'ar Northwest ta koma ta Yusuf Maitama Sule a 2017, sannan aka mai da mata tsohon sunanta a 2024. Jami'ar kimiyya ta Wudil ta karɓi sunan Aliko Ɗangote a 2022. Duk wannan ja-in-ja a kan jami'o'i da gadoji da asibitoci ake yin sa. Ba a taɓa jin ɓangarorin siyasa suna gardamar sunan wa za a sa wa lambatu ba.

Ruwan ƙazantar birnin Kano da yawa ta rafin Jakara yake fita. A hanya yana haɗuwa da na Getsi, mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su nufi madatsar Wasai, kuma manoman rani suna ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da shi a gefen rafin. Aikin rufe Jakara a yi titi a kansa, daga Kwarin Gogau, an fara shi a wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, ya tsaya shekaru bayan an sauya gwamnati, mutanen gari kuma Wuju-Wuju suke kiran sa. Rufe rafi yana rage wari da sauro a cikin unguwa, amma ba ya tace ruwan; abin da ya shiga ta sama shi ne zai fita ta ƙasa, sai an gina matata a bakin mafitar an kuma ɗauki ma'aikatan da za su riƙe ta.