Malala Da Karatun 'Yan Mata

A ƙasashe da yawa na duniya, idan gari ya waye yara maza sukan ɗauki littattafansu su tafi makaranta, a bar 'yan'uwansu mata a gida. Wata tana ɗebo ruwa, wata tana reno, wata kuwa an ɗora mata talla. Wani uban talauci ne ya hana shi sa 'ya'yansa duka a makaranta, sai ya zaɓi namiji. Wani kuwa makarantar ce ta yi nisa, yana jin tsoron hanya. Wata yarinyar kuma akan yi mata aure tun ba ta gama karatu ba. Yau 'yan matan da ba su zuwa makaranta a duniya sun fi miliyan 100.

Amma akwai inda ake hana su da ƙarfin bindiga. A arewacin Pakistan akwai wani kwari mai duwatsu da ƙoramu, ana ce da shi Suwat. A babban garinsa, Mingora, aka haifi Malala Yusufzai a shekarar 1997. Ubanta malami ne, yana da makaranta tasa. Tun tana ƙarama ba abin da take so kamar karatu.

Ana nan sai waɗansu mayaƙa da ake kira Taliban suka mamaye kwarin. A watan Janairu na 2009 suka ce kada wata yarinya ta ƙara zuwa makaranta, suka kuma rurrushe makarantu da yawa. Malala tana da shekara 11, amma ba ta yi shiru ba. Ta riƙa rubuta wa BBC labarin halin da suke ciki, da wani suna na aro. Bayan soja sun kori mayaƙan, ta koma aji, ta ci gaba da kira a bar mata su yi karatu.

Ran 9 ga Oktoba 2012, tana cikin motar makaranta za ta gida, sai wani ɗan bindiga ya shiga ya harbe ta a kai. Ƙawayenta biyu kuma suka yi rauni. Aka kai ta asibiti a Birmingham ta Ingila, Allah ya ba ta lafiya.

Ran da ta cika shekara 16 ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2014 ta zo Nijeriya ta ga iyayen 'yan matan Chibok da aka sace daga makaranta. A shekarar nan aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, tana da shekara 17. A 2020 ta gama karatu a jami'ar Oxford.

Har yanzu da sauran aiki. A Afganistan, maƙwabciyar Pakistan, tun 2021 aka hana 'yan mata wuce aji shida. Ilmi gishirin zaman duniya ne, kuma ba na maza kaɗai ba ne. Gidan da aka bar mace cikin jahilci, rabin gidan yana cikin duhu.

Tambayoyi
1. Faɗi abubuwa uku da ke hana 'yan mata zuwa makaranta.
2. A wane gari aka haifi Malala?
3. Don me aka harbe ta?