Wa Zai Ciyar da Ɗaliban Fada?

Karanta: 2 Sarakuna 4:38-44

Ana yunwa a Gilgal, ga 'ya'yan annabawa zaune gaban Elisha suna koyo. Sai wani mutum daga Ba'al-shalisha ya kawo malmalar gurasar sha'ir 20 daga nunan farin gonarsa. Mutum 100 suka ci har suka rage. Ka lura, ba a faɗi sunan mutumin ba.

Ɗan'uwa, dubi Nijar. An kafa diyosis ɗin Katolika na Maraɗi a 2001, ya haɗa Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, fadoci kuwa kaɗan ne. Masu bi a ƙauye sukan yi makonni suna jiran mai ba su Jibin Ubangiji. Saurayin da ya amsa kira zai yi shekaru da dama yana karatu, sau da yawa a Burkina Faso, nesa da gonar ubansa. Wa zai ciyar da shi?

A 1889 wata mace a Faransa, Jeanne Bigard, da uwarta suka fara tara baiko domin ɗaliban fada a Japan. Aikin ya girma har babbar makarantar fadoci ta Inugu a Najeriya tana ɗauke da sunansu.

Ko ba ɗarikarka ba ce, kai ma ka san ciwon garke marar makiyayi. Bayan girbin bana, keɓe tiyar gero ko jaka guda, ka kai wa shugabannin ikkilisiya domin ɗalibi ɗaya.

Addu'a: Ya Uba, ka riƙe samarin da ka kira, kada yunwa ta mai da su gida. Amin.