Tankar Yaƙi Mai Ɗauke da Gada: Fara Gina Ramin Kafin Ka Taɓa Fenti

Wani mai bibiyar wannan fili ya aiko da hotuna haɗe da tambaya. Ya harhaɗa 'yar tankar Churchill mai ɗauke da gada, irin ta ma'aunin 1/76 da kamfanin Matchbox ya fitar tun da daɗewa, ya yi mata fenti tsaf, ya ɗora ta a kan katako da ɗan yashi, ga sojoji a gefe suna harbi. Ya ce duk wanda ya gani sai ya yaba, amma shi ransa bai kwanta ba, kuma ya rasa abin da ya rage.

Malam, hannunka ba shi da laifi. Abin da ya rage shi ne dalilin da ya kawo tankar wurin. Ka ɗora mata gadar da ke haɗa gaɓa biyu masu tazarar mita 9, sannan ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen fili inda babu abin da zai hana keke wucewa. Babu kwamandan da zai fito da wannan ƙatuwar aba a idon abokan gaba sai in akwai rami, ko katanga, ko ƙorama da ta tare wa sauran tankoki hanya. Don haka a fara da abin da za a tsallake. Faɗinsa da zurfinsa su za su gaya maka wace gada ce, wace tanka ce, kuma wace shekara ce.

Wadda ke hannunka ita ce Churchill AVRE ta injiniyoyin sojan Birtaniya. An ƙirƙiro ta ne bayan kashin da aka sha a Dieppe ranar 19 ga Agusta 1942, inda tankoki suka maƙale a bakin teku, injiniyoyin da ya kamata su buɗe musu hanya kuma suna fili ba abin da ya kare su daga harsashi. Aka tattara irin waɗannan tankoki na musamman a runduna ta 79 ƙarƙashin Manjo Janar Percy Hobart. Gadar da take ɗauka, wadda ake kira SBG, tana jure nauyin tan 40. Gindinta na maƙale a gaban tankar, bakinta a ɗage sama, igiyar ƙarfe da ta taso daga na'urar naɗi a bayan tankar ce ke riƙe da ita. In an iso bakin rami sai a sake ta daga ciki ta faɗi. Shi ke nan, ta zauna, tankar ba ta iya juyowa ta sake ɗaukarta a filin daga. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa dole ka zaɓi lokaci ɗaya: ko gadar na sama igiya a ɗaure tamau, ko tana ƙasa igiya a sake tana jan ƙasa. Na sha ganin gada a shimfiɗe alhali igiyarta a miƙe take kamar har yanzu ita ke riƙe da nauyin.

In kana neman labarin da ya cancanci katakonka, ga wanda ya faru a Graye-sur-Mer, a gaɓar da sojojin Kanada suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944 a Normandi. Wata AVRE mai ɗauke da ƙaton damin itace ta nufi wani rami da ruwa ya cika a bayan tudun yashi, da niyyar jefa damin a ciki. Ramin ya fi yadda aka zata girma, tankar ta zame ta nitse har kusan kanta. Mutanen cikinta suka fito, harsashin turmi ya kashe wasunsu. Injiniyoyin da ke biye ba su tsaya jan ta ba. Wata AVRE ta matso ta sauke gadarta a kan tankar da ta nitse, aka cike sauran giɓin da itatuwa da ɓaraguzai, hanya ta buɗe. Haka ta zauna a ƙarƙashin hanya har 1976 da aka tono ta, yau tana ajiye a garin. Ka ga a nan akwai komai: ruwa, laka, tanka biyu, gada a karkace, da mutane masu aiki da hannu maimakon masu tsayuwar ɗaukar hoto. Wanda ba ya son aikin ruwa yana iya jingina gadar a jikin katangar bakin teku, domin an yi amfani da ita a matsayin matakala ma, ko ya koma Le Havre a Satumbar 1944 inda aka shimfiɗa ta a kan ramin tare tankoki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar duk tankar gada a matsayin abu ɗaya. AVRE tana da kanta mai juyawa da gajeriyar bindigar rusa gini, mutum shida ne a ciki, kuma da ta yar da gada sai ta ci gaba da faɗa. Akwai wata Churchill ɗin daban wadda aka cire wa kai ɗungurungum, mutum biyu ke tafiyar da ita, tana ɗauke da gada a kwance a gadon bayanta. Wani dogon hannu ne ke ɗaga gadar ya kai ta gaba da ƙarfin mai, irin yadda tifa ke ɗaga bodinta, kuma ita tana iya tsallakawa ta sake ɗaukar gadarta. Wannan ba ta cikin sahun farko da suka sauka bakin teku da asubahin ranar, tana bin birget-birget na tankoki ne a tafiyar da ta biyo baya.

Sai Churchill ARK, wadda ita kanta ce gadar. Ba ta da kai, sai matakalai gaba da baya. Direba zai kutsa da ita cikin ramin, a sauke matakalan, sauran su bi ta kanta. A Italiya, inda koguna ke da gaɓa mai tsayi, sojoji sun sauƙaƙa ta har tankoki na taka sarƙar ƙafarta kai tsaye, ba tare da an shimfiɗa komai a kai ba, saɓanin wadda aka ƙera a Ingila. Akwai sanannen hoton kogin Senio na Afrilun 1945: ARK biyu, ɗaya a kan ɗaya, wata Churchill tana ratsawa ta samansu. A ganina babu abin da ya fi wannan kyau a kan katako cikin duk labarin nan, sai dai kuɗin tanka uku zai ci.

Gadar almakashi, mai naɗewa biyu ta miƙe sama kafin ta buɗe, an ɗora ta a kan Valentine da Covenanter. Tsawonta ya ɗan haura mita 10, tana ɗaukar tan 30. A kula, ba ƙarfin mai ke ɗaga ta ba, doguwar sanda ce mai zare irin na noti da injin tankar ke juyawa, don haka kar a liƙa mata bututun mai don ƙawa. Valentine ta yi aiki a Italiya da arewacin Turai da Bama, ƙasar da kakanninmu da dama suka je yaƙi, inda busassun rafuka ke yanke hanya kowane ɗan nisa. Covenanter kuwa abin mamaki ce: tankar faɗanta ba ta taɓa shiga yaƙi ba saboda injinta na yawan zafi, amma mai gadar ta yi aiki a hannun sojojin Ostireliya a 1945. Jamusawa su ma sun gwada a kan Panzer IV, sun yi kimanin 20 da suka shiga Faransa da su a 1940, nauyi ya fi ƙarfin ƙafafun tankar, aka mayar da yawancinsu tankokin bindiga. Wanda ya saka ta a Normandi ta 1944 ya yi wa tarihi ƙarya.

Ina ya kamata ta tsaya a cikin jerin? Tambaya ce da ta ci rayuka. A 6 ga Oktoba 1973, da sojojin Siriya suka afka wa Tuddan Golan, akwai dogon ramin tare tankoki a gabansu. Tankokinsu masu gada, waɗanda aka gina a kan T-54 da T-55, da yawa sun maƙale a baya cikin cunkoso, masu bindiga suka taru a bakin rami suna jira. Da masu gadar suka kutso gaba, su maharban Isra'ila suka fara nema, don sun san in babu gada babu wucewa. Darasin ga mai gini shi ne, tankar gada ba ta yawo ita kaɗai, kuma ba ta jan gaba. A Normandi tankar Sherman mai kaɗa sarƙoƙi don tayar da nakiya ce ke fara share layi, a sa farin ƙyalle a gefe, sannan mai gada ta biyo, wasu na harbi don kare ta. Ko ba ka da wurin saka su duka, sawun sarƙa a ƙasa da farin ƙyallen nan biyu sun isa su ce wani ya riga ya wuce. Miƙewa sama kuwa da gadar almakashi ke yi, wadda ke tona asirin tanka daga nesa, ita ta sa Jamusawa daga baya suka ƙera tankar gada Biber a kan Leopard 1, mai turo gadarta a kwance.

Yanzu aikin hannu. Ɗauki rula kafin ka yanka katako. Tazarar mita 9 a ma'aunin 1/35 santimita 26 ce, a 1/76 kuma 12. Kada ramin ya kai tsawon gadar, dole kowane baki ya sami ƙasar da zai zauna a kai, kuma ka ɗan nutsar da shi cikin ƙasar tun filasta na ɗanye, domin ƙarfe mai nauyin tan-tan ba ya zama a kan laka ba alama. Mai sha'awar tankar gada M60 ta Amurka, wadda ta yi aiki a Biyetnam da yaƙin Tekun Fasha na 1991, ya sani gadarta a buɗe ta haura mita 19, wato kusan santimita 55 a 1/35, ban da tankar. A auna kanta kafin a saya.

Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ya isa gina gaɓa. A yanka shi da sabuwar reza, a shafe da filasta haɗe da gam ɗin kafinta, a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi. Kar sufa gulu ko fentin feshi ya taɓa soson tsirara, narkar da shi yake yi. Damin itace kuwa tsintsiyar kwakwa ce maganinsa: a yanka daidai, a ɗaure da siririyar waya a wuri uku, kaurinsa ya kai santimita 6 a 1/35, don na gaskiyar ya kai mita 2.

Gada a ɗage tana rinjayar 'yar tanka ta kifa. Kafin ka rufe jikinta, liƙa dalma ko tsoffin notuna a can baya, ko ka ɗaure ta da sukuru ta ƙarƙashin katako. Zaren ɗinki ba ya zama igiyar ƙarfe, gashi yake yi ya kama ƙura. A warware tsohuwar wayar lantarki, a ɗauki silin tagulla uku ko huɗu a murɗa su tare. Sannan ga matsalar da masu rubutu daga Turai ba su cika ambata ba: zafinmu. Doguwar roba siririya in ta sha zafin bazara a ɗakin kwano sai ta lanƙwashe. A saka sandar tagulla ko spok ɗin keke a cikin kowane ɓangaren gadar tun wajen haɗawa, a nisanta ta da taga, a yi mata murfin gilashi saboda ƙurar hunturu.

Wajen fenti, tankokin Birtaniya na 1944 kore ne mai duhu irin na zaitun, wasu tsofaffin kuma ruwan ƙasa. Tambarin runduna ta 79 kan bijimi ne a cikin alwatika ruwan ɗorawa mai kallon ƙasa. In ranar saukar Normandi kake nunawa, ka tuna an toshe kafofin tankar an ɗora mata dogayen bututun iska don ratsa ruwa. Tsatsa kuma a yi ta da hankali. Gadar da aka sauke yau da safe sabuwa ce, abin da za a gani a kanta shi ne layi biyu na laka da ƙarfe mai ƙyalli inda sarƙa ta kankare fenti, kuma goga bakin fensir a gefunan ya wadatar. Gadar M60 ta alminiyom ce, ba ta yin jar tsatsa ko kaɗan, in fentinta ya kankare fari-fari take nunawa.

Kai da ka aiko tambaya, ba sai ka ɓalle komai daga tankarka ba. Ɗaga ta daga katakon, ƙara soso mai kaurin santimita 4 a ƙarƙashin yashin, yanka rami mai faɗin santimita 10 a gabanta, ka mayar da ita bakin ramin da gadar a sama. Biyu daga cikin sojojin nan ka kwantar da su a bayan tudu, ɗaya kuma ka cire masa bindiga ka tsayar da shi a gefen direba yana ba shi hannu.